Hutun Goggo Fusae

Yokohama, 14 ga Afirilu, 2018

Goggo Fusae,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwarki ta hagu. Nan furen ceri ya gama zubewa, sababbin ɗalibai sun cika makaranta suna ta ɓata hanyar aji. Ku can na san har yanzu da sauran ƙanƙara a gindin itatuwan tuffa. Yaya Baba? Ya ce mini kin hana shi hawa tsani, wai ya tsufa, alhali kin girme shi da shekara goma sha biyu, kuma ke kike hawa.

Da hannu nake rubuto miki tunda kin ce waya ba ta kawo miki komai sai ƙugi a kunne.

Kin san an ɗauke ni aikin shekara ɗaya a Jami'ar Kusunoha. Baɗi za ta cika shekara ɗari, ni aka ɗora wa haɗa tarihinta. An ba ni ɗaki a ƙarƙashin laburare, daga ni sai akwatunan takardu sama da ɗari biyu, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. Ashe duk waɗannan gine-gine, da sashen shari'a da na jinya da ɗalibai dubu huɗu, daga saman shagon wani mai awara suka fito. A 1919 Malama Tane Hozumi ta kama ɗaki ɗaya a wurin, ta zaunar da 'yan mata bakwai tana koya musu ɗinki. Da wutar yaƙi ta cinye makarantar a 1945, ko wata ɗaya ba a yi ba ta ci gaba da darasi a barandar wani wurin ibada. Abin takaici, sashen ɗinkin da ya haifi sauran shi ake maganar rufewa yanzu. Bana ɗalibai goma sha tara kacal suka shiga.

To ga dalilin wasiƙar. Ran Talata na buɗe wani akwati, sai ga hoton 'yan ajin 1955. A layi na biyu, ta uku daga dama, wata yarinya ta haɗe rai irin yadda kike yi in Baba ya shigo bai karkaɗe takalmi ba. Na juya bayan hoton, na ga an rubuta Narumi Fusae.

Goggo, ranar da na gaya miki sunan inda na sami aiki, cewa kika yi "to, madalla," kika ci gaba da feraye tuffarki. Me ya sa?

Akwai kuma wani abu. Malama Hozumi tana da littafin da ta zana duk yankan tufafinta a ciki da hannunta. Shi kaɗai ya tsira daga gobarar, don a ɗamara ta soke shi ta fita. Takardun laburare sun ce ba a sake ganinsa ba tun farkon 1956, daidai lokacin da sunanki ya daina fitowa a takardar kiran suna. Kowa a nan shi yake nema. Me kika sani a kansa?

Taki,
Mitsuho


Yokohama, 23 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki. Ni lafiya lau, sai dai ƙurar tsofaffin takardu da ta sa ni atishawa.

Mako biyar ke nan shiru. Na san lokacin rage wa itatuwan tuffa fure ne a gona, hannu ba ya hutawa, amma ke ko katin gaisuwa ba ki taɓa bari ya kwana uku ba amsa ba. Na tambayi Baba, ya ce lafiyarki ƙalau, kina cin shinkafa kwano biyu, sai dai kin daina yi masa faɗa, kuma wannan ne ya tayar masa da hankali. Ya ce sau biyu ya tarar kin shiga ɗakin ajiya kin ja ƙofa.

Nan kullum sai Farfesa Kuramochi, shugaban sashen ɗinki, ya sauko ɗakina ya tambaye ni ko na tono wani abu da zai nuna wa majalisar jami'a kafin su yanke hukunci a kan sashensa. Mutum ne mai kunya, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ba da haƙuri sau uku kafin ya shigo. Ban gaya masa zancen hoton ba.

In na taɓo abin da ba kya so a taɓa, ki yafe mini. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Mitsuho


Hirosaki, 9 ga Yuni

Mitsuho,

Wasiƙunki biyu sun iso. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Babanki ya yi mura ya warke. Muna ta ɗaura wa tuffa takarda saboda ƙwari, bana ta yi 'ya'ya sosai.

Ba sai kin yi ta kewaye-kewaye ba. Na karanta abin da kika rubuta ya fi sau goma, na gane. Kun haɗa ɓatan littafi da tafiyata, kun gano. To gaskiya ne, yana wurina. Ga shi nan a cikin ƙunshin da ya zo da wannan takarda.

Tunda kin tono, bari ki ji duka. A 1954 na shiga, karatun shekara biyu ne a lokacin. Ni ce mace ta farko daga ƙauyenmu da ta hau jirgin ƙasa don karatu. 'Yan birni suna dariyar harshena, ni kuma ina dariyar yadda suke riƙe almakashi. Ana saura wata biyu mu gama, aka ce kowa ta ɗinka riga ɗaya ta ƙarshe, a kanta za a ba da shaida. Malama ta kira ni ofishinta ta miƙo mini littafin. Ta ce, "Narumi, tafi da shi hutun sabuwar shekara. Duba shafi na arba'in. Ki dawo mini da shi ran takwas ga wata."

Na iso gida na tarar da Innarmu a kwance. Ran huɗu ga Janairu ta rasu. Mahaifinmu yana can arewa, ya tafi ci-rani na lokacin sanyi. Babanki shekararsa bakwai, ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Na ce in an yi kwana arba'in da tara na zaman makoki zan koma. Sai ƙanƙara ta narke, sai gona ta taso. Sau da yawa na ɗauki littafin zan kai gidan waya, sai in ji in na aika shi, na yarda ke nan ba zan koma ba. Bayan shekara biyu na ga rasuwar Malama a jarida. Daga nan kunya ta rufe ni, ta yi ta ƙaruwa kowace shekara.

Duk kaka nakan fito da shi ya sha iska. Ba shafin da ƙwaro ya taɓa, ki duba da kanki.

Ki gaya musu wadda ta ɗauka ta amsa laifinta, ba sai sun turo kowa ƙauye ba. Kada kuma abin ya shafi aikinki, ke ba ruwanki. Babanki bai san komai ba. Shi a saninsa na je birni koyon ɗinki, na ga ba zan iya ba, na dawo. Haka na gaya masa, a bar shi a haka.

Goggonki


Yokohama, 16 ga Yuni

Goggo,

Ina gaishe ki da hannu biyu, da fatan wannan ta same ki lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, kada ki buɗe ta a kan tsani.

Da farko, ban taɓa zarginki ba. Na ɗauka kawai wataƙila kin taɓa ganin littafin a aji. Da na sake karanta kwafen wasiƙata na ga yadda na jera maganar, na ji kamar in mari kaina. Mako bakwai kina ɗauke da wannan saboda rashin iya rubutuna.

Da ƙunshin ya iso na kira Farfesa Kuramochi. Ya wanke hannu sau biyu, ya sa farar safar hannu, ya buɗe. Sai kawai ya zauna a ƙasa. Can ya ɗago ya ce, "Ina ne arewa daga nan, wajen garin Goggonki?" Na nuna masa. Ya miƙe ya gyara kwat, ya sunkuya har ƙasa yana gode miki, yana fuskantar bangon da muke jingina tsintsiya.

Ni kuwa na kasa yarda cewa mace irin Malama Hozumi za ta ba da littafinta ba ta rubuta a ko'ina ba. Kwana uku ina buɗe akwatunan da ban kai gare su ba, har na sami rajistarta ta kanta. Ga abin da ta rubuta da jar tawada a gaban sunanki, na kwafo miki harafi da harafi:

"Narumi Fusae tana hutu. Littafina yana wurinta, ni na ba ta. Kada a goge sunanta. Za ta dawo."

Na ruga ofishin magatakarda. Suka duba sama da ƙasa, ba takardar kora, ba ta barin makaranta. Ashe duk magatakardan da ya zo sai ya ga umarnin mai makaranta da jar tawada, ya kasa taɓawa, ya bar wa na bayansa. A takarda, Goggo, har yau ke ɗalibar Kusunoha ce da ta tafi hutun sabuwar shekara.

Labari ya kai kunnen shugaban jami'a. Ya kira ni, karo na farko da na taka hawa na shida. Yana so a ba ki takardar girmamawa ranar bikin cika shekara ɗari, a gaban 'yan jarida. Ya ce ba abin da za ki yi sai ki hau dandamali ki karɓa. Na ce zan tambaye ki.

Ban gaya wa Baba komai ba, kamar yadda kika ce.

Taki,
Mitsuho


Hirosaki, 2 ga Agusta

Mitsuho,

Na gode da wasiƙa. Zafi ya sauko mana, amma muna lafiya. Jan rubutun da kika kwafo na karanta. Kwana biyu ban je gona ba.

Ki gaya wa mutumin hawa na shida na gode, ba na so. Ban yi abin da za a girmama ni ba.

Jiya na je wurin likita saboda gwiwa da idanu. Mun daɗe muna magana. Ya ce in zan yi, in yi bana, kada in jira baɗi. Saboda haka na yanke shawara. Da an gama cire tuffa zan je su karɓe ni, su duba ni da kyau, abin da suka gani su faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Ban san mako nawa za su riƙe ni ba. Na ma fito da yadin da na ajiye tun lokacin Innarmu. Ban ji tsoro ba, shekaruna sun wuce nan.

Kada ki gaya wa babanki tukuna.

Goggonki


Yokohama, 20 ga Satumba

Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan guguwar makon jiya ba ta kaɗe muku tuffa ba. Ni lafiya, sai dai har yau in na tuna abin da na yi sai in rufe fuska.

Amma ki yi mini adalci, ki sake karanta wasiƙarki. Likita, su karɓe ni, su duba ni, ga yadin da aka ajiye tun lokacin Inna, sai ka ce likkafani. Wa zai karanta wannan ya ce makaranta ake nufi? A ɗakin cin abinci na buɗe ta, na bar taliyata a kan tebur, na kama jirgin ƙasa na rana ba ko jakar kaya. Duk hanya ina tunanin wane asibiti ne, me suka gani. Na iso gona da yamma na tarar da marar lafiyar a saman tsani tana yi wa Baba faɗa. Ni ce dai na fashe da kuka na ce, "Wane asibiti za su kwantar da ke?" Kika leƙo ta cikin ganye kika ce, "Asibitin me? Aji zan koma in gama rigata." Da haka asirin shekara sittin da biyu ya tonu a gaban Baba, yana riƙe da kwando.

Kin ji abin da ya ce a wurin, "Yaya, saura wata nawa ki gama a lokacin?" da kuma yadda ya tafi can ƙarshen gona da kika ce biyu. Abin da ba ki ji ba shi ne wanda ya gaya mini a mota washegari. Ya ce yana tuna sanyin shekarar, yana tuna kina ba shi shinkafa a baki kina duban taga. Ya ce, "Ashe ni na cinye mata makaranta." Ya tsayar da mota a gefen hanya ya daɗe yana goge tabarau. Na ga ya kamata ki sani.

Yanzu ga labari mai daɗi. Na kai wa jami'a bukatarki, kwamiti ya zauna sau huɗu a kanki. Matsalar ita ce karatun shekara biyun da kika shiga an soke shi tuntuni. Wasu suka ce ba a ba da shaidar abin da babu shi. Sai wata farfesar shari'a ta nemi in kawo dokokin makaranta na 1954, ta karanta musu a tsaye: ba a ƙayyade wa hutu iyaka ba, kuma ɗaliba tana gamawa ne a kan dokar da ta shiga da ita. An ce har tafawa wasu suka yi.

Ga sharaɗin. Za ki zauna a aji mako uku tare da 'yan shekarar ƙarshe, daga tsakiyar Nuwamba. Rigar kuma ki ɗinka a gida, ta iso nan kafin ƙarshen Janairu. Malamai uku za su duba ta, Farfesa Kuramochi ne shugabansu. Na sayi katifa ta biyu. Ɗakina ƙarami ne, ki shirya.

Mitsuho


Yokohama, 2 ga Disamba

Ƙanena Tsutomu,

Ina fatan kana lafiya, kana kuma shan maganinka ba sai an tsaya a kanka ba. Ni lafiya. Gwiwa ta yi ƙorafin matakala kwana biyu ta haƙura. Ɗakin 'yarka, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa firji.

An ba ni katin ɗalibi mai hotona. Ranar farko mai gadi ya tare ni a ƙofa, wai, "Kaka, jikarki kike nema?" Na ciro kati na nuna masa. Yanzu kullum sai ya sara mini.

Ban gane komai a wurin ba. Inda ajinmu yake da, yanzu wurin ajiye kekuna ne. Na tsaya a wurin na ɗan jima, wani yaro ya ce in matsa zai fitar da kekensa, na matsa.

Mu goma sha bakwai ne a aji, har da maza huɗu. Da suka ga lambata ta 1954 sai suka ce ai duk makarantar ba wanda ya riga ni shiga, saboda haka kowa Yaya Fusae yake ce mini, har masu shara. Wadda nake zama kusa da ita sunanta Rinka, ta rina gashinta kore kamar ɗanyar tuffa. Na ɗauka shashasha ce. Sai na ga ta zana hannun riga a kwamfuta, ta juya shi ta ko'ina kafin ta taɓa yadi. Abin da nake kwana biyu ina yi da takarda da alli. Na ce ta koya mini. Ta ce, "Yaya, sai dai mu yi musaya, ki nuna mini ɗinkin nan na bakin hannunki." Ɗinkin adonmu na gida da muke kira "kogin" take nufi, wanda kowace tsohuwa a ƙauye take yi tana hira. Na fara nuna mata lokacin cin abincin rana. Jiya na ƙirga mutum talatin da ɗaya a kan teburin, har da wasu ƙartai daga sashen shari'a suna ƙirga zare suna ciro harshe.

Akwai laccar tarihin tufafi ran Laraba. Malamin ya nuna hoton irin wandon da muka sa bayan yaƙi, ya ce mata sun so shi saboda sauƙin aiki. Na ɗaga hannu na ce ba wadda ta so shi, babu wani ne. Ya rubuta a takardarsa. Rabin laccar na yi barci, Rinka ta ce kowa ma yana yi.

Abu ɗaya ne yake damuna, Farfesa Kuramochi. In na shigo aji sai ya miƙe. Duk abin da na nuna masa sai ya ce, "Kai, madalla, madalla." Ran nan da gangan na nuna masa tsumman goge allura, ya ce madalla. Mutumin nan zai ba ni maki saboda furfura, in kuwa haka ne da takardar hawa na shida da tasa duk ɗaya.

Mitsuho ta rubuto mini abin da ka faɗa a mota. Kada in sake jin wannan magana. Ba wanda ya ɗaure ni, ni na zauna, kuma ka yi ƙiba a hannuna, na ji daɗin ganin haka. Ka duba tulun kabejin da na jiƙa da gishiri, ka ƙara dutse a kai ya danne shi. Ran tara zan dawo, jirgin ƙarfe uku. In ka zo ɗaukata a tasha, ka ajiye mota daidai.

Yayarka


Yokohama, 12 ga Fabrairu, 2019

Goggo,

Ina gaisuwa, ya sanyi? Na ga a labarai ƙanƙara ta kai rufin mota a wajenku. Kada ki hau share rufin ɗaki, na roƙe ki.

Rigar ta iso lafiya, an duba ta ran Juma'a. An bar ni na zauna a gefe a matsayin mai rubuta tarihi. 'Yan ajinku kuwa suna waje sun manna fuska a gilashin ƙofa.

Aka warware ta a gaban malaman. Shuɗin yadin bai koɗe ba ko kaɗan, farin zaren kuma kamar yanzu ƙanƙara ta sauka a kafaɗa. Malamai biyun nan take suka rubuta mataki na ɗaya. Farfesa Kuramochi ya ɗauki kusan awa guda. Ya juya ta ciki, ya auna, ya buɗe shafi na arba'in ya gwada, ya sake aunawa. Gumi yana keto masa a wannan sanyi. Daga ƙarshe ya ce wuyan rigar ta hagu ya karkace da kamar tsawon ƙwayar shinkafa, kuma da ɗaliba 'yar shekara ashirin ce ta kawo, ba zai ba ta na ɗaya ba. Suka yi ta gardama. Ɗaya ta ce, "Malam, shekararta tamanin da biyu fa." Ya ce, "Ba a rubuta shekaru a takardar maki ba." Bai kuma janye ba.

Saboda haka kin ci, Goggo, kin gama. Sai dai mataki na biyu aka ba ki, "ya yi kyau," ba "ya yi fice" ba. Na yi ta juya yadda zan gaya miki. Rinka ta ce za ta haɗa 'yan aji su kai ƙara. Shi kuma tun ranar bai sauko ɗakina ba, an ce ko abincin rana ba ya fitowa ci. Kada ranki ya ɓaci, kowa ya san abin da ya gani.

Sauran labari: masu neman shiga sashen bana sun kai talatin da huɗu, majalisa ta ɗage maganar rufewa shekara uku. Ni ma an ce in zauna, wai ɗakin tarihi yana bukatar mai shi. Bikin yaye ɗalibai ran ashirin ga Maris ne. Shugaba ya tanadar miki kujera a kan dandamali, kusa da tasa.

Taki,
Mitsuho


Hirosaki, 18 ga Fabrairu

Mitsuho,

Wasiƙarki ta iso. Muna lafiya. Rufin ɗaki babanki ne ya share, ni na riƙe masa tsani kawai, ina gaya masa inda ya bari. Na yi murna da zamanki a aiki. Ki nemi ɗakin da ya fi wannan.

Wa ya ce miki raina ya ɓaci? Da na kai wurin ƙwayar shinkafa na yi dariya har babanki ya leƙo daga waje ya ga ko lafiya. Wuyan nan na san da shi. Washegarin ranar da na gama na ɗaga rigar a hasken taga na gan shi, idona ne ya yaudare ni da yamma. Na ɗauko almakashi zan kwance, sai na tuna mutumin da ya yaba wa tsumma. Na ce bari in gani ko akwai malami a makarantar nan. Ashe akwai. Malama Hozumi ma da na biyu za ta ba ni, ta kuma ƙwanƙwasa mini ma'auni a yatsu.

Ki hau ki same shi, ki ce ɗalibarsa Narumi tana gaishe shi, ta karɓi makinta, ya fito ya ci abinci. Na aiko masa da kwalin tuffa, na Rinka daban, ki ce mata ta ajiye maganar ƙara ta je ta gama nata aikin, na ga bakin siket ɗinta bai zauna ba. Ki kuma roƙa mini su aiko da rigar in gyara wuyan kafin biki. Makin ya zauna yadda yake.

Mu biyu za mu zo. Babanki ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa bikin auren 'yan uwa, ba ta rufuwa a ciki, ina buɗa masa ita. Tun jiya yake tambayata ko iyaye suna yin jawabi, wai shi ne zai zauna a wurin iyayen ɗaliba.

Kujerar dandamali kuma, ki yi wa shugaba godiya. A ƙasa zan zauna tare da 'yan ajinmu, inda sunana ya faɗo a jeri, tsakanin Nakazato da Nishio. Na riga na gaya musu su riƙe ni ta kowane gefe in an kira ni, don matakalar nan guda biyar ce, na ƙirga.

Goggonki,
Narumi Fusae, 'yar shekarar ƙarshe